Akwatin Ishaya

Ni ce Tabita, matar marigayi Saja Magaji. Ban taɓa zama ajin makaranta ba, amma duk wanda ya zauna unguwarmu a Zuru ya san bakina bai taɓa zuwa aro ba. Rifkatu matar ɗana ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, ko a inda na ba kaina kunya. Na sa a rubuta ne saboda matan zumunta na su Manga da Mahuta da Wasagu, waɗanda suka ji shaidata ta farko amma ba su ji ta biyu ba. A karanta masu a hankali, a kuma tsaya inda suka yi dariya, don na san za su yi.

Sai na fara da akwati. In ba ku san akwati ba, ba za ku gane ciwona ba.

Mu nan gidajen soja ne. Da wuya ka wuce gida uku a layinmu ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Yaro in an ɗauke shi aiki yakan sayi akwatin ƙarfe, a shafe shi da baƙin fenti, a rubuta sunansa da fari. In ya zo hutu, jaka yake ratayowa, akwati na can bariki. Akwati ba ya dawowa gida sai ta hanya biyu: ko mai shi ya gama aiki ya taho da abinsa, ko abokan aikinsa su kawo shi, shi kuwa an riga an rufe shi a ƙasar da ba mu taɓa takawa ba. Mijina da kansa ya ɗauko nasa, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya yi shekaru yana noma kafin Ubangiji ya kira shi. Ba kowace mace ke samun haka ba.

In akwati ya shigo gari ba mai shi, ba a kai shi ƙofar uwar kai tsaye. A gidan fasto ake tsayawa, fasto ya aiko a kira ni. Ni ke shiga gaba. In sami matar tana daka, in karɓi taɓaryar daga hannunta, in zaunar da ita, in faɗa mata. Shekara da shekaru aikina ke nan, don an ce muryata ba ta rawa. Har aka laƙaba mini Mama Dutse, ni kuwa ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata. Me zai hana? Magaji ya yi wa ubana noman golmo, noman neman aure na wajenmu, shekara bakwai kafin a ba shi ni. Na haihu sau shida ba a ji kukana a ƙofar ɗaki ba. 'Yan matan duk sun yi aure sun watse, namiji ɗaya ya tsaya mini, shi ne Ishaya, shi ma ya bi sawun ubansa.

Akwatin ƙarshe da na raka kafin ciwona na Yohanna ne, ɗan Saratu, wadda muke zama benci ɗaya a sujada tun muna amare. Da na faɗa mata sai ta zube ƙasa tana birgima cikin tokar murhu. Na ce ta tashi, masu bangaskiya ba sa birgima a ƙasa. Ta tashi kuwa. Ta dube ni wani irin kallo, ta karkaɗe zanenta, tun daga ranar ta sake benci.

Cikin bazarar nan aka tura su Ishaya can gabas, dajin da waya ba ta shiga. Sai a yi mako biyu, uku, kafin ya sami inda zai kira. Rifkatu ta ɗaure waya a bakin zane, ko kaza ta yi motsi sai ta laluba. In ta yi ƙara, kafin ta ɗauka hawaye ya riga ta. Na yi mata faɗa ba sau ɗaya ba. Na ce matar soja ba ta jiƙa wa mijinta hanya da hawaye, ta miƙa shi ga Ubangiji ta kama aikinta. Takan ce, "To, Mama," ta koma bayan rumbu ta ƙarasa kukanta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ni ma wani abu ya shige ni. Ƙeyata ta riƙa sara kamar ana faskare. Kunnena na ƙugi. Na kwashe tabarmata daga tsakar gida na mayar ƙofar gida, na ce can ne iska take, alhali hanya nake gadi. Duk kabu-kabun da ya karyo kwanar layinmu sai gabana ya faɗi, in leƙa bayansa in ga ko an ɗaure wani abu baƙi. In ya wuce in ce na gode Yesu, in jira na bayansa. Na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in sake sharewa. In ɗora tukunya in manta ban hura wuta ba. Ranar zumunta kuwa ni ce gaba, ina buga tulu ina ba da waƙa, ina gaya wa 'yan mata tsoro ba na 'ya'yan Allah ba ne.

Haɓo ne ya tona ni. Ina tsince gyaɗa jini ya ɗigo cikin faifai, Rifkatu ta gani. Washegari ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Mun isa rana ba ta yi zafi ba, muka tarar da layin kati ya kai bakin ƙofa. Daga layin kati sai benci, daga benci sai wani bencin, ana kiran sunaye kamar ana rabon gado. Sai da rana ta karkata aka kira nawa. Likitar yarinya ce, ba ta kai autar ɗiyata ba. Ta naɗa mini wani abu a dantse, ya matse ni, ta duba, ta sake naɗawa. Ta ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Sai ta ajiye biro ta ce:

"Mama, jininki gudu yake kamar ana korar sa. Me ke korar sa?"

Na ce ba komai, ni gidana lafiya lau. Ta dubi Rifkatu, Rifkatu ta dubi ƙasa. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce wanga magani ba a gama shi, kullum ne da safe, har ranar da na ji garau, ita ce ma ranar da ya fi hatsari in bari. Ta ce in rage gishiri. Na fito ina mita, yarinyar da aka haifa jiya za ta koya mini miya.

Na sha mako uku. Gaskiya saran kai ya lafa, ƙugin kunne ya tafi. Gadin hanya ne dai bai tafi ba.

Ana nan sai taron matan zumunta na yankinmu ya zo, a Manga aka yi. Mata cike da fili, kowace ƙungiya da ankonta. Aka zo lokacin shaida. Wannan ta tashi ta ce ta haihu bayan shekara tara, waccan ta ce maciji ya shiga ɗakinta ya fita bai taɓa kowa ba. Sai na ji ana cewa Mama Dutse fa, Mama Dutse ba ta ce komai ba. Na miƙe. Na ba da labarin haɓo da layin kati, na kwaikwayi muryar likita har mata suna riƙe ciki. Na ce ta ce magani har abada, amma ni na san wanda ke da har abada. Guɗa ta tashi. Daɗin guɗar ya kwashe ni, na ji bakina ya ce na zubar da ƙwayoyin, Yesu ya warkar da ni.

Ban zubar ba. Suna nan cikin kwanon da ke kan akwatin Magaji. Amma magana ta riga ta fita gaban mata ɗari da ɗoriya, ni kuwa ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Da muka dawo gida, kafin in cire anko, na kwashe su na zuba a masai don maganata ta zama gaskiya.

Rifkatu ta tarar da kwano wayam. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Mama, Ubangiji ne ya ce a zubar, ko matan Manga?" Kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba. Ta kai ƙarata wurin fasto. Ya zo ya zauna a bakin tabarma yana zagaye-zagaye, wai ai itacen da ake yin magani da shi ma Allah ne ya shuka. Na tuna masa ni na goya shi ranar da uwarsa ta tafi kasuwa ya yi mini fitsari a baya. Ya yi addu'a gajera ya tafi.

Daga nan Ishaya ya yi shiru. Mako uku, huɗu, biyar. Ruwa ya sauka, mutane suka fita shuka. Saran kai ya dawo da ƙarfinsa, ya taho da jiri. Na riƙa yin addu'a da ƙarfi har maƙwabta na amsa amin ta kan katanga, amma ko a cikin addu'ar ban taɓa cewa ina tsoro ba. Ina dai gaya wa Ubangiji abin da ya kamata ya yi.

Ranar wata Alhamis da hantsi ina ƙofar gida da ƙwaryar irin dawa a cinya. Kabu-kabu ya karyo kwana. A baya wani mai kaki ne, a bayansa kuma an ɗaure baƙin akwati da roba. Bai wuce ba. Ya tsaya daidai ƙafata. Ban iya karatu ba, amma na san kamannin sunan ɗana, shi ya nuna mini ranar da aka rubuta, harafin farko a tsaye kamar taɓarya. Sai na ce a raina, ashe haka ne. Ba su tsaya gidan fasto ba don ba wadda za a aiko. Wa zai faɗa wa mai faɗa?

Na miƙe don in tarbe shi a tsaye, kada a ce Mama Dutse ta karɓi labari a zaune. Na buɗe baki in ce sannu da zuwa, sai na ji harshena ya zama kamar guntun rogo. Ƙwarya ta suɓuce, dawa ta watse. Ƙafar dama ta ƙi ni. Ina ƙasa na ji muryar mutumin kamar daga cikin rijiya, da Hausarsa ta bariki, yana cewa, "Mama, Ishaya yana gaishe ki, yana lafiya."

Yana lafiya kuwa. An matsa da su gaba ne, inda ba a zuwa da kaya sai abin da mutum zai goya, shi ne ya ba abokinsa akwatin, wani mutumin kudu da aka yi wa canji zuwa wajenmu. Bawan Allah bai san al'adarmu ba, ban riƙe shi da komai ba. Amma Ishaya fa? Yaron da ya tashi yana ganin ina shiga gidajen mutane? Daga baya ya ce wai ya sa takardar bayani a ciki. A ciki! Na yafe masa, amma a rubuta cewa wauta ce.

Makon farko a asibiti ban san kaina sosai ba. Suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya kwanta kamar na wani, baki ya karkace, miyau na zuba. Likitar nan ce dai ta zo. Na jira ta ce ai na faɗa miki, ba ta ce ba, ta dai gyara mini zane a kafaɗa, wanda ya fi mini zafi. Rifkatu ce ke juya ni, ita ke wanke ni, ita ke kai ni bayan gida. Matar ɗana, wadda ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Nakan rufe ido in ta ɗaga zanen, ita kuma takan yi ta ba ni labarin tsadar barkono kamar a kasuwa muke.

Babban abin shi ne magana. A cikin kaina komai na nan, jere, da karin magana da zagi da addu'a. In sun iso baki sai su tarar da ƙofa a rufe. Kalma ɗaya tak ta rage mini a duniya: to. Ni da ban taɓa ce wa kowa to ba sai na ja da shi. In ina son ruwa, to. In allura ta yi zafi, to.

Ƙanena Bawa ya taho daga ƙauye. Shi bai taɓa shiga sujada ba sai ranar biki. Ya tsaya a kaina ya ce wanga ba ciwon asibiti ba ne, iskokin dutse na kakanninmu ne suka yi fushi, tun da na bar hanyar iyaye ban taɓa kai masu ko kaza ba. A ba shi ni ya kai ni gida a yi abin da ake yi. Ya sunkuyo ya ce, "Yaya, in ɗauke ki?" Na tattara duk ƙarfina in ce masa ya ɓace mini da gani. Abin da ya fito, to.

"Kun ji ta yarda," in ji Bawa, ya fara naɗe tabarma.

Da hannun hagu na ɗauki kofin silba na jefe shi a goshi. Matar da ke gadon kusa ta yi dariya har ɗinkinta ya motsa. Amma kada a ce Bawa mugu ne. Da likita ta ce sai an kai ni Sakkwato an ɗauki hoton cikin kaina, shi ya ja awakina kasuwa ya haɗa da dawar rumbunsa, shi ya riƙe ni a mota tun safe har la'asar, kowane rami a hanya sai ya ce sannu Yaya. Aka ɗauki hoton, aka nuna mini. Duk wahalar nan, ko kama da ni bai yi ba.

Mako na uku aka sallamo mu. Likita ta ce hannu da ƙafa za su dawo da motsa su, harshe kuwa ba ta yi alkawari ba. Ta ce a riƙa yi mini magana, a riƙa yi mini waƙa, wani lokaci waƙa takan san hanyar da magana ta manta. Aka shimfiɗa mini a rumfa. Matan zumunta suka riƙa zuwa da kunu, su yi addu'a, su fita ƙofar gida su yi ƙus-ƙus, ina jin su, kunnena bai shanye ba. Wata ta ce ba ita ce ta warke a Manga ba? Hajo mai nono, wadda muka yi shekara ashirin muna faɗan ludayi, ta kawo man shanu ta zauna tana murza mini hannu. Ta ce, "Tabita, Allah shi ba ki lahiya. Amma bari in more, yau na faɗi kuɗin nono ba a taya ba."

Ba su san abin da ke cina ba. Tsoron ya zama biyu. Ga na Ishaya, har yanzu kunnena na kan hanya, ga shi ba ni iya tashi in leƙa. Ga kuma na bakina. Ni ban san yin addu'a a zuci ba, tun da na tuba da murya nake yi. Sai na riƙa ganin kamar Ubangiji ya kama ni da ƙaryar Manga, ya ce bakin da ya yi ƙarya da sunana ya huta. In ce ya gafarta mini, da wane baki? Ina kwance ina kallon ƙadangaru a jikin katanga, zuciya na bugawa kamar tulun zumunta a hannun wadda ba ta iya ba.

Cikin mako na huɗu waya ta yi ƙara. Ishaya ne. Rifkatu ta miƙo mini, na kaɗa kai, na ture hannunta. Ban so ɗana ya ji uwarsa tana gurnani kamar akuya. Ta ce masa Mama ta tafi gona. Bayan kwana shida ya sake kira, ta ce Mama na wurin zumunta. Wayar na da ƙara, na ji shi sarai. Sai ya ce:

"Rifkatu, yau Talata, ba a zumunta. In Mama ta mutu ki faɗa mini."

Ta rantse masa ina da rai. Bai yarda ba, ya san mu, ya san yadda muke ɓoye wa na daji mutuwa har ya dawo. Ya ce ranar Lahadi da rana zai hau wani tudu inda waya ke kamawa. In bai ji muryata ba, zai ajiye masu bindigarsu ya kamo hanya, su yi abin da za su yi. Ni matar soja ce, na san abin da ake yi wa wanda ya bar wurin aiki ba izini, na kuma san hanyar da zai bi shi kaɗai a wanga daji. Kwana biyar ke gare ni, da kalma ɗaya a baki.

Ranar Laraba Rifkatu ta zauna gabana tun safe tana cewa in ce lafiya lau, kalma biyu kawai. Na yi ta fama, gumi na zuba, to kawai ke fita. Da azahar na juya mata baya na fuskanci bango.

Ranar Alhamis sai ga Saratu. Tun da na kwanta ba ta leƙo ba. Ta shigo da tulun zumunta a kafaɗa, ta ajiye, ta zauna ba dogon gaisuwa. Ta ce wa Rifkatu ta je ta duba tukunya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce:

"Ranar da kika kawo mini akwatin Yohanna, hannunki na rawa. Na gani. Kika cusa shi cikin zane, kika ce in tashi. Da kin bar ni na riƙe hannun nan, da ya fi mini duk abin da kika faɗa."

Na ce to. Wannan karon shi nake nufi.

Ta ce ita ba ta iya wa'azi ba, amma ta san Ubangijinmu da kansa, da lokacin mutuwarsa ya matso, ya ja abokansa uku cikin lambu ya gaya masu ransa ya yi nauyi, ya roƙe su su zauna kusa da shi. Bai ɓoye masu ba, bai ɓoye wa Ubansa ba. Ta ce, "Ke wa kika fi, Tabita?" Ta ce ita tun mutuwar Yohanna addu'arta ba ta da kalmomi, takan zauna ne kawai ta bar shi ya ga yadda take, kuma bai taɓa korar ta ba.

Sai ta tura tulun ƙarƙashin hannuna na hagu, ta ɗauko wata tsohuwar waƙa da yarenmu, wadda muke yi muna amare in za mu rafi. Na buga baibai. Ta yi baiti ɗaya, ta yi na biyu. A na uku na ji wata murya mai kauri tana bin ta, karkatacciya, ashe tawa ce. Kalmomi ne sosai, suna fita ɗaya bayan ɗaya a kan waƙar. Rifkatu ta fito da muciya a hannu ta tsaya. Ni kuwa abin da na tara tun bazara, ko in ce tun haihuwar fari, ya ɓalle. Na zame daga tabarma na kwanta a ƙasa ina kuka da baki buɗe. Saratu ta ce, "Yi birgimarki. Ni ba zan ce ki tashi ba."

Juma'a da Asabar muka yi ta yi, waƙa sannan magana, waƙa sannan magana. Kalmar ruwa ta fito. Sunan Rifkatu ya fito rabi. Lafiya lau ya fito sau uku cikin goma, muka ce ya isa, shi zan faɗa, in ya so Rifkatu ta ce mura ce ta kama ni.

Ranar Lahadi ba wanda ya je sujada a gidanmu. Muna rumfa mu uku, waya a kan faifai. Rana ta take tsaka, shiru. Inuwa ta fara juyawa, shiru. Na ce a raina ko ya riga ya kamo hanya, ko an harbe shi a kan tudun. Sai wayar ta yi ƙara. Saratu ta kara mini a kunne. Na ji iska na kaɗawa, na ji numfashinsa.

"Mama?"

Na nemi lafiya lau, na neme shi ko'ina, babu. Bakina ya yi ta motsi. Abin da ya fito, a rarrabe, kamar ana ciro ƙaya:

"Ishaya. Tsoro. Ina ji."

Sai na ji yana dariya da kuka a haɗe. Ya ce, "Mama, ni ma. Kullum. Ban taɓa iya gaya miki ba." Rifkatu ta karɓa ta faɗa masa komai, har da masai, ba ta rage mini ko ɗaya ba. Ya ce a mayar mini da wayar. Ya ce in yi masa addu'a kafin caji ya ƙare. Ni da nake addu'ar da tuwo ke hucewa kafin in kai amin, abin da na samu shi ne, "Ubangiji, ga mu." Ya jira ko akwai saura. Babu. Ya ce amin, ya koma wurin aikinsa.

Ba zan ce maku daga ranar tsoro ya tafi ba, na daina irin wagga shaida. Har yau in kabu-kabu ya karyo kwana gabana na faɗuwa. Ishaya bai dawo ba tukuna, akwatinsa na ƙarƙashin gado kusa da na ubansa. Abin da ya sake shi ne, in gaban ya faɗi nakan ce, Ubangiji, ga shi kuma ya zo, in kira Rifkatu ta zauna kusa da ni, ko ni in je bayan rumbu in same ta. Sai abin ya yi ta bugawa, ya yi ta bugawa, ya gaji ya kwanta, kamar yaron da aka goya. Wannan ce salamar da na sani, ban san ko ta wasu ta fi haka ba. Ƙwayata nake sha kowace safiya da kunu. Miya ba gishiri, ba daɗi, a rubuta wannan ma.

Bayan kaka na tsaya gaban sujada da sanda, na ɗaga fakitin magani sama, na ce na yi ƙarya a Manga, kuma duk wadda ta zubar da nata saboda bakina ta koma asibiti gobe. Ba a yi guɗa ba. Amma mata biyu sun same ni a waje, sun ce sun zubar.

Watan jiya akwati ya shigo gari. Fasto ya zo da kansa, yana in-ina, wai ko in huta a nemi wata. Na ce a kira mini Saratu. Muka tafi a hankali, ina jan ƙafa. Muka sami matar tana tankaɗe, yarinya ce, goyonta bai yi wata biyar ba. Ta gan mu mu biyu, ta ga fasto a bakin ƙofa, rariya ta faɗi. Ban iya dogon bayani yanzu, na faɗi sunan mijinta kawai. Ta zube. Na jingine sanda, na durƙusa da ƙyar na zauna a ƙasa kusa da ita cikin garin dawa. Hannuna na rawa ƙwarai. Na bar shi a fili, a kan gwiwata. Can ta laluba ta kama shi, ta riƙe har inuwa ta kai katanga.